Zanzaro a Gwangwani

A layin masu ƙera bodin mota na Kariobangi a birnin Nairobi, tsakanin rumfar mai walda da ta mai fenti, akwai wata 'yar rumfa da ba ta da allon suna. Duk direban matatu, wato motar haya ta fasinja, da motarsa ta fara kakkarwa idan an saki kiɗa ya san hanyarta, ya kuma san mai ita, dattijon da ake kira Mzee Munyao.

Munyao mutumin Kangundo ne. Aji uku ya yi a makaranta aka cire shi ya bi awaki, da ya tasa kuma ya biyo wani kawunsa Nairobi ya koyi ɗinkin kujerun mota. Ya daɗe a kan wannan, daga shi sai basilla da soso. Ana nan masu matatu suka shiga gasar kiɗa. Aka riƙa cusa manyan sifiku cikin akwati a ƙarƙashin kujerar baya, irin waɗanda ba sa fitar da muryar mawaƙi, sai dukan ƙasa kawai, wanda mutum yake ji a ƙirji kafin ya ji a kunne. Samari suna kiran akwatin ufa. Ita ufa ba ta da laifi, amma motocin an ƙera su ne don ɗaukar mutane da buhuna, ba don a mai da su ganga ba. Da ta buga sai ƙarfe ya amsa, gilas ya amsa, lamba ta amsa, kowace ƙusa da ta saki ta sa baki. Da yake Munyao ne mai kwance kujeru, shi ake cewa ya leƙa ya gani. Haka sana'ar ta zo ta same shi yana zaune.

Aikinsa ya bambanta da na samarin layin. Su da mota ta zo sai su kwance bango gaba ɗaya su lulluɓe shi da takardar kwalta, wadda ake sayowa a naɗe, cikinta baƙi mai danƙo, bayanta mai ƙyalli kamar takardar cikin kwalin sigari. Munyao ba ya taɓa almakashi sai ya gama sauraro. Yakan sa a saki ganga ɗaya mai zurfi ta yi ta maimaita kanta, shi kuma ya zaga motar a hankali, tafin hannunsa a jikinta, kamar mai duba saniya a kasuwa. Inda hannu ya kasa gaya masa, sai ya ɗauko gwangwanin ndengu, ƙananan koren waken nan da matarsa take sayarwa. Ya zuba 'yan ƙwayoyi a murfi, ya jingina bakin murfin da ƙarfe. Inda waken ya kwanta, nan lafiya. Inda ya tashi rawa, ya sa alli ya kewaye wurin. Cikin zanen allin kaɗai yake liƙa takarda, bayan ya goge wurin da fetur, ya shanya takardar a kan kwano rana ta yi mata laushi. Sannan ya murje ta da tsohon boris da ya sa wa mariƙin katako. Idan ya ƙwanƙwasa da gaɓar yatsa ya ji tib maimakon kwal, ya matsa gaba.

Samarin suna kiransa mai duba saboda waken nan. Wani mai fenti ya taɓa ce masa, idan ya gama duba wa motar, ya duba masa ko yarinyar nan ta Dandora za ta amsa. Munyao ya girgiza murfin, ya ƙura masa ido, ya ce wake ya ce yarinyar tana da hankali.

Fiye da shekara ashirin ba a taɓa mai do masa da mota an ce ga ƙarar da ya bari ba. Ba ya faɗa da baki, amma a ransa da wannan yake taƙama. Ba shi da gida nasa a birni, ba shi da ko keke, wannan ɗin ne dukiyarsa.

Matarsa Syokau tana da tebur a ɓangaren hatsi na kasuwar Gikomba tun kafin a yaye 'yarsu. Shekara biyu ke nan da yanar ido ta fara hawa idanunta. Da fari fitilu ne suka riƙa yi mata gashi, daga baya fuskoki suka koma kamar an shafa musu madara. A cikin kasuwa babu wanda ya lura. Ta san abokan cinikinta da murya, wake kuwa ko iri bakwai aka gauraya mata sai ta raba su da yatsu. Hanya ce abin ji. Kullum da ƙarfe shida na safe takan tsaya a gindin wata falwayar lantarki kusa da mai gawayi, inda ba tasha ba ne, mota ba ta tsayawa sai an ɗaga mata hannu. Motocin da ke bin titin sun fi a ƙirga, kowane kwandasta kuma gari yake kira, ko da kuwa a tsakiyar hanya zai karkata ya zubar da mutane wani wuri. Mota ɗaya ce take bi ta bakin layinsu na kasuwa ta sauke ta a gefen da ba sai ta tsallaka titi ba, ita ce babbar matatun da Gathogo yake ja.

'Yarsu Ndanu tana aiki a kantin magani a Umoja, takan zo duk Lahadi bayan an tashi daga coci. Ta yi ta fama da uwar ta je a kankare mata yanar, uwar ta ce babu mai sa mata wuƙa a ido tana numfashi. Ndanu ta ce to ta zauna a gida, nan ma uwar ta ƙi. Daga ƙarshe suka ƙulla magana a gaban Munyao: ranar da Syokau ta shiga motar da ba tata ba, ko ta ɓace a hanya, an rufe tebur ke nan. Syokau ta sa hannu cikin na 'yarta ta yarda.

Munyao ya san abin da teburin yake a wajen matarsa. Ya ga yadda tasa uwar ta yi da aka raba ta da gona aka ajiye ta a kujera a ƙofar ɗaki. Ba ciwo ne ya cinye ta ba, zaman ne. Ya taɓa tambayar Syokau yadda take gane motarta cikin wannan tururuwar motoci, ta ce ita ta taɓa tambayarsa yadda yake jin ƙusa a cikin bango? Ya bar maganar.

Wata Litinin da hantsi sai ga Gathogo ya shigo layin da motar. Mutum ne mai jiki, mai yawan dariya, amma ran nan ransa a ɓace yake. Ya ce mai motar ta sa sabuwar ufa, mai sifika biyu manya kamar faranti, don samarin wani wuri sun ce tsohuwar ce ta yage, shi ya sa motar take ƙara. An sa sabuwa, ƙarar ta ninka. 'Yan makaranta sun fara yi musu dariya a tasha, suna cewa ga injin niƙa ya iso. Mai motar ta ce a kai wa Munyao, ya riƙe ta ko kwana biyu ne.

Munyao ya sa aka saki ganga. Tun kafin ya kai hannu ya san sifika lafiyarta ƙalau. Akwatin ne aka ɗora a kan ƙarfe tsirara, notinsa biyu sun saki. Ya ɗaga shi ya shimfiɗa masa robar tsohon tiyub, ya ɗaure. Ƙofar baya tana da wuri huɗu da wake ya yi rawa, rufi yana da shida, duk inda fatar ƙarfe ta rabu da haƙarƙarinta. Ya cusa soso a tsakani, ya liƙa takarda a inda ya zana. Lambar baya ya kwance ya yi mata matashi. Tagogi uku ya sake wa roba. Yini guda da rabi yana wannan, motar tana fita jigilar safe ta dawo da hantsi, ba ya sauri, yana tsayawa ya sha shayi da mandazi, irin fanken nan nasu, idan lokacin shayi ya yi.

Ran Talata da azahar komai ya kwanta, sai abu ɗaya. Wata siririyar ƙara ce mai naci, daga waje, ta hannun hagu, ɓangaren ƙofar fasinja. Ba ta tashi sai ganga ta nutse can ƙasa, sannan ta yi ziii, ta katse, ta sake. Gathogo ya ce wannan ai ta girmi sabuwar ufa, da ita ya sami motar, kunnensa ma ya daina jin ta. Munyao ya ce nasa bai daina ba. Ya bi ta da murfin wake har ya kama ta a 'yar ƙofar tankin mai, wadda maƙallinta ya ci ya bar rata kamar kaurin farce. Ya liƙa takarda a bangon da ke bayanta, ya naɗa wa maƙallin roba. Aka sake sakin ganga. Motar ta yi dum, dum, tsaf, kamar zuciyar babban sa. Gathogo ya rungume shi har sai da hularsa ta faɗi, ya ce yau 'yan tasha za su san an zo.

Munyao ya koma gida da yamma yana jin daɗin kansa. Bai ba da labari ba, don ba ya kai aiki gida.

Ran Laraba Syokau ta dawo a makare, ƙafafunta sun yi futu-futu, ta ce cunkoso ne. Ran Alhamis ta dawo da ƙujewa a gwiwa. Tana ɗora tukunyar muthokoi, dafaffiyar masara da wake, ta gaya masa, ba tare da ta juyo ba, cewa wata mota ta sauke ta a can ƙetaren titi, mai kura ya ture ta wajen tsallakawa, kuma idan Ndanu ta ji to daga bakinsa ne. Ya ce bakinsa ba ya yawo. Amma abincin ran nan bai wuce masa da daɗi ba. Maganar da aka ƙulla ta riga ta karye, saura kawai Ndanu ta sani, kuma Lahadi saura kwana uku.

Ran Juma'a tun da sassafe ya bi bayanta daga nesa, ya laɓe a bayan buhunan mai gawayi. Ga ta a gindin falwaya, jaka a kafaɗa, ta ɗan karkata kai gefe guda. Ba titin take kallo ba, kunne ta ba shi. Motoci suka yi ta wucewa. Can sai ga motar Gathogo, fitilunta na ado suna walƙiya, kiɗa yana dukan ƙasa. Gathogo ya rage gudu, ya ɗago mata hannu ta cikin gilas. Syokau ba ta motsa ba. Ya ɗan jira, na baya suka matsa masa da oda, ya wuce.

Munyao ya tashi daga inda ya laɓe. Ya fito ya tsaya kusa da ita, ta gane shi da warin fetur da kwalta kafin ya yi magana.

"Baban Ndanu, gadina ka fara yi?"

"Motarki ce ta wuce yanzu."

"Ba ita ba ce. Tawa kwana uku ke nan ba ta biyo ba, ina jin sun sauya hanya." Sannan ta ƙara da cewa, "Tawa tana da zanzaro."

"Zanzaro?"

"Kamar zanzaro ya faɗa gwangwani ya rasa hanyar fita. Tun daga wajen gidan man can nake jin sa. Duk titin nan ita kaɗai ce da shi."

Munyao ya cire hula ya sosa kai, ya mayar. Ya gaya mata cewa ran Talata da azahar, da hannunsa, ya kashe zanzaron.

Ta juyo da fararen idanunta wajensa. Sai dariya ta ƙwace mata, mara ƙarfi. Ta ce shekara arba'in da ɗaya tana jiran ranar da aikinsa zai shigo mata gida, ashe ta nan zai biyo.

Ya ce abin mai sauƙi ne, zai gaya wa Gathogo ya riƙa tsayawa ya kira ta. Ta ce ko kusa. Idan Gathogo ya sani kwandasta ya sani, idan kwandasta ya sani kafin azahar kasuwa ta sani, masu auna mata hatsi su fara yi mata wasa da mudu, ran Lahadi kuma Ndanu ta zo da kwaɗon rufe tebur. Ban da haka Gathogo ba kullum yake ja ba, akwai ranar da wani ke karɓar sa. Ya ce to shi zai riƙa rako ta kowace safiya. Ta ce idan sai an riƙe mata hannu ta shiga mota, ai Ndanu ta yi gaskiya ke nan, a rufe teburin kawai. Ta faɗi wannan a hankali, tana gyara igiyar jakarta. Ran nan dai ya sa ta a wata motar, ya bi ta har bakin layin kasuwa, ya dawo rumfarsa ya zauna bai taɓa komai ba har shayi ya huce.

Da rana Gathogo ya tsaya shan iska a layin, ya zo yana tambaya ko sun yi wa Mama laifi ne. Kwana uku yana gaishe ta, tana kallon sa kamar bango. Munyao ya ce ba laifi, tsufa ne, tunani ya yi mata yawa. Sannan ya ce ya kawo motar gobe da hantsi idan fasinja sun yi sauƙi, akwai abin da yake so ya sake dubawa.

Ran Asabar aka kawo mota. Munyao ya ɗauka aikin minti biyar ne. Ya cire robar da ya naɗa wa maƙallin, ya sa aka saki ganga. Shiru. Bangon da ke bayan ƙofar tankin ya riga ya mutu da takardar da ya liƙa masa, ita kuwa takardar kwalta idan ta kama ba ta sakin ƙarfe sai da fatarsa. Aikinsa ya yi kyau fiye da yadda yake so.

Ya zauna a kan benci ya yi ta kallon motar. Duk rayuwarsa kashe ƙara yake yi, bai taɓa ƙera ta ba. Ya tashi ya zaga da murfin wake yana neman wurin da ya rage da rai a hannun hagu, ya samu ɗan wuri a ƙasan bodi, sama da tayar baya, inda wake ya ɗan yi tsalle. Ya ɗauko gwangwanin man girki, ya yanko ɗan harshe mai tsawon yatsa, ya ɗaure kansa ɗaya da ƙusa ta ciki inda ido ba ya kai, ya bar ɗayan yana shafar ƙarfe.

Na farko ya yi siriri da yawa, sauro ne ba zanzaro ba. Ya yanko mai faɗi, wannan kuma ya yi kukan kwaɗo. Ya rufe ido yana neman muryar a kansa, muryar da ya saurara awa guda cur ran Talata don ya kashe ta. Ya tuna tana katsewa, tana kuma da ɗan amo a bayanta kamar daga cikin rami. Ya koma kan na farko, ya rage masa tsawo, ya zura masa washa a sake, ya lanƙwasa bakin kaɗan da filaya. Aka saki ganga. Ziii, ta katse, ziii.

Gathogo, da ke cin gasasshiyar masara a inuwa, ya miƙe tsaye.

"Mzee, ta dawo."

"Shiga ciki ka zauna."

Ya shiga, ya zauna a gaba, ya koma baya ya zauna a kan ufa ɗin kanta. Ya leƙo ta taga ya ce a ciki babu komai.

"Fasinjanka a ciki suke zama ko a waje?"

"Ba wannan ba ne, Mzee. 'Yan tasha fa? Na riga na cika baki. Cewa za a yi hannun Munyao ya tsufa."

Mai fentin nan da abokansa sun riga sun taru, ɗaya yana cewa yau wake ya yi ƙarya, wani yana cewa a sayo wa Mzee sabon kunne a Gikomba, gwanjo ma ya isa. Abin ya yi wa Munyao zafi, ba ƙarya. Ya durƙusa yana tattara filaya da almakashi, ya ce su faɗi abin da suke so, wannan ƙarar tasa ce, shi ya sa ta, kuma duk wanda ya taɓa ta kada ya sake kawo masa mota.

Gathogo ya sauko ya tsaya a kansa. Ya dubi wurin da ƙarar take fitowa, ɓangaren da ke fuskantar masu jira a bakin titi. Ya dubi gwangwanin ndengu da ke kan benci. Ya tuna Mama a gindin falwaya tana kallon sa kamar bango. Daga nan ya juya wajen samarin ya ce musu sabon salo ne, daga Afrika ta Kudu aka kawo shi, su da ba su taɓa wuce Thika ba ina za su sani. Ya hau mota ya tayar. Bai tambayi Munyao komai ba, ran nan ko bayan nan.

Munyao bai gaya wa Syokau ba. Ba shi da tabbacin ya samo muryar daidai, bai kuma so ya sa mata rai a banza.

Ran Lahadi Ndanu ta zo da burodi da lemo. Ba ta daɗe da zama ba ta hango gwiwar. Uwar ta ce bakin gado ne. Ndanu ta dubi uban, uban ya dubi shayinsa. Ta ce ba komai, gobe ba ta da aikin safe, za ta kwana, ta raka Mama bakin titi ta ga yadda take yi da idonta. Ba za ta ce uffan ba, kallo kawai za ta yi. Syokau ta ce madalla, ta ci gaba da tsince wake, amma Munyao ya ga yatsunta suna mai da tsakuwa cikin tsintaccen.

Da safe su uku suka fita. Syokau ta tsaya a gindin falwaya, Ndanu a bayanta da taku biyu, hannu a harɗe. Munyao ya zauna a kan buhun gawayi, bai damu da wandonsa ba. Mota ta farko ta zo, kwandasta yana dukan bodi yana kiran gari, ta bar ta ta wuce. Ta biyu ta tsaya da kanta, kwandastan har ya kama jakarta yana cewa Mama shigo akwai wuri, ta janye. Munyao ya zuba mata ido. Ya san tana lissafin ko ta faɗa kowace ce ta huta, ko ta juya ta gaya wa 'yarta gaskiya.

Shi ya fara jin ƙarar zanzaron, daga wajen gidan mai, a ƙarƙashin hayaniyar titi. Ya ji ta yi kauri kaɗan fiye da ta da. Syokau ta karkata kai. Ta tsaya haka, goshinta a tattare, motar tana matsowa, tana matsowa, har Munyao ya fara miƙewa daga kan buhu. Sai hannunta ya tashi sama, a miƙe, kamar yadda ya saba.

Gathogo ya taka birki daidai gabanta. Ya leƙo ya ce, "Mama, kin huce ke nan?" Ta ce ya ja mota ya daina surutu, rana tana yi. Ta kama ƙarfen ƙofa ta hau ba tare da ta lalubi matakala ba. Ndanu ta bi motar da kallo har ta ɓace, ta sauke hannu, ta ce wa ubanta ita dai har yanzu hankalinta bai kwanta ba. Ya ce nasa ma haka, amma ta ba shi lokaci, akwai maganar da zai yi da uwarta.

Da yamma Syokau ta dawo da wuri, ta ajiye masa sabon ƙullin ndengu a cinya, ta ce na gwangwaninsa ya tsufa. Ta zauna tana cire takalmi.

"Zanzaron ya dawo," in ji ta. "Amma mura yake yi."

"Zai warke. Ran Asabar zan duba shi."

"An ce duk layinku ana yi maka dariya."

"Ana yi."

Ya bari ta sha ruwa, sannan ya ce gwangwani ba ya daɗewa, damina ɗaya zai yi tsatsa, motar ma wata rana za a sayar da ita. Shi ya ba da sunansa na shekara ashirin, yana so ita ma ta ba da ido ɗaya, ɗaya tak, likita ya gwada, idan bai yi ba a bar mata ɗayan. Ta ce ashe zanzaron da kuɗinsa ya zo. Ta yi ta juya kofin a hannu. Can ta ce sai bayan an gama cinikin sabon wake, kuma shi zai kai ta, ba Ndanu ba, don Ndanu tana da yawan magana a gaban likitoci. Ya ce ya ji.

Har yanzu duk Asabar da hantsi motar Gathogo takan shigo layin ta tsaya minti goma. Munyao yakan durƙusa wajen tayar baya da filaya, ya ɗan lanƙwasa, ya saurara, ya ɗiga mai kaɗan don tsatsa. Samarin sun gaji da dariya, wasu direbobi biyu ma sun zo suna so a sa musu irin na Afrika ta Kudu, ya ce musu kayan sun ƙare. Sabon wake ya kusa shigowa kasuwa, Ndanu kuma ta karɓo katin asibiti, yana nan a ƙarƙashin gwangwanin ndengu a kan benci, inda iska ba za ta ɗauke shi ba.